Bangon Ɗakin Awaki

"Wannan ba za ta girma ba, Kaka," in ji malamar dabbobi, tana sauke 'yar akuyar daga sikeli. "Wata huɗu, nauyinta bai kai layin takardata ba. Gara a yanka ta."

Tsohuwar ta yi dariya. "Ita takardar taki watanta nawa, 'yar nan?"

Ta ja malamar zuwa ɗakin awaki. Bangon cike yake da zanen ƙusa, tsayin kowace akuya wata-wata, na shekara talatin.

"Ga uwarta, ga kakarta. Dukansu sai wata na shida suke miƙewa."

Malamar ta bi zanen da yatsa, ta ga gaskiya ne. Ta durƙusa, ta buɗe sabon shafi.

"Kaka, wace ce ta farko?"