Itacen da Ya Gagari Hanci

Tsohon kafinta ya karɓi alƙalamin da yatsu biyu, kamar wanda aka miƙo wa mataccen ɓera.

A layin masu sana'a Hanci ake kiransa, amma a bayan idonsa. Shekara arba'in da biyar yana cika baki cewa babu katakon da zai shinshina ya kasa faɗin bishiyarsa. Ran nan bakin ya yi yawa. A gaban tela da mai walda ya rantse cewa duk wanda ya kawo masa itacen da ya gagare shi, ya ba shi mabuɗin shagonsa da injin juya katako da ke ciki. Baki dai shi ke yanka wuya.

Wanda ya riƙe maganar kuwa surukinsa ne, mijin 'yarsa ta fari, wanda tsohon ya laƙaba wa Tsintau.

Tsintau ba ya yin gado, ba ya yin ƙofa. Guntayen da kafintocin kirki suka zubar yake bi yana tsinta. Ya yanka su sirara da zarto, ya jera fari kusa da baƙi, ya shafa gam ya matse. In sun bushe ya sake yankawa a karkace, ya cusa wani siririn a tsakani, ya huda tsakiya, sannan ya je aron inji ya yi ta fiƙa har ado ya fito a jikin alƙalami. A wurin tsohon wannan ba sana'a ba ce, wasan yara ne da gam. Mutumin ba ya iya wuce tarkace. Ko a watan jiya da ya zo gyaran famfo a banɗakin gidan, sai da ya canza abubuwan da ba a sa shi ba, ya fita da buhu a kafaɗa yana godiya kamar an raba masa gado.

Yau ga shi a shagon da alƙalami mai zobe bakwai, kowane zobe itacensa daban. Da yake an shafa wa alƙalamin mai, ya zo da ragowar kowane itace ya jera a kan benci. Tela ya baro kekensa, mai walda ya kashe wuta. Matar tsohon, da ta biyo shi da tabaran da ya manta, ta tsaya a bakin ƙofa.

Tsohon bai so ya yarda ba, amma aikin ya yi kyau. Ko gashi ba zai shiga tsakanin zoben ba. Abin ya ƙara ba shi haushi.

"Mangwaro," ya ce, ya jefar da na farko. "Maɗaci. Lemo. Tsamiya, kuma ɗanya aka sare ta." Na biyar da na shida ko kusa da hanci bai kai su ba, ya faɗe su daga nesa. Mai walda ya yi tafi.

Sai na bakwai.

Baƙi-baƙi ne, mai nauyi. Gefe guda yana da santsi irin wanda samfefa ba ta bayarwa, sai dogon amfani. Tsohon ya shinshina. Ya ji danshi, ya ji wani abu kamar sabulu, a ƙarƙashinsu kuma wani wari da ya tabbata ya sani kamar yunwar cikinsa. Sunan ne ya ƙi zuwa.

Ya sa tabarau. Ya kankare da farce. Gumi ya fara tsattsafo masa, don a shagon nan ya tsufa, kuma bai san inda zai kai kansa da safe ba in babu shi. Injin da ya fiƙe ƙafafun gadaje ɗari ne zai koma fiƙe tsinken sakace?

Saura dabara ɗaya, wadda ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ya fito da harshe ya lasa.

Matarsa ta toshe baki da hannu biyu ta fita da sauri, kafaɗunta na rawa. Tsohon ya ji tausayinta. Ashe haka take son shagon nan.

"Baba," in ji Tsintau, kansa a ƙasa, "don Allah da dai ba ka sa a baki ba."

"Kai za ka koya min aiki?" Ya sake lasa, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ɓalli tsinke ya tauna.

Tela ya yi gyaran murya.

Komai girman kan tsohon, ba ya cin rantsuwa. Ya ciro mabuɗin ya dangwarar a kan benci. "A wace ƙasa ka samo shi?"

"Ba nisa, Baba. Ai kun daɗe tare."

Tsohon ya ɗauka iskanci ne irin na wanda ya ci nasara. Ya soke alƙalamin a aljihu ya kama hanyar gida. Bai kula matarsa ba, wadda har yanzu take share hawaye. Ya wuce banɗaki kai tsaye, ya rufe ƙofa, ya zauna. Sanyin sabuwar robar da Tsintau ya sa a kan masai ya ratsa shi, ya buɗe baki zai tsine wa wanda ya cire masa tsohon mazauninsa na katako, baƙin nan mai santsi.

Bakin ya tsaya a buɗe. Shekara talatin yana gaisawa da itacen nan kowace safiya, sai dai ba ta hanci suka saba ba.