Zurfin Taƙi Guda

Zauna, Ɗanlami. Tunda ka ce sa'anninka sun yi maka nisa a sana'a, bari in ba ka misali.

A bakin wani rafi a ƙasar Jos akwai masu lambu biyu, dukansu da noman albasa suka tashi. Wata mata mai ƙawata wuraren biki ta kawo musu irin rumana, furen nan mai ganye kamar takobi, wanda tushensa yake kama da albasa. Ta ce a binne shi zurfin taƙi guda, tsininsa yana kallon sama, kuma wanda ya kawo mata kara miƙaƙƙe shi zai riƙa ba ta fure daga nan gaba. Na farkon ya yi dariya, wai shi da ya yi furfura a kan albasa ba mai koya masa dashe, ya dasa sama-sama yadda hannunsa ya saba. Na biyun kuwa ruwa ya cinye albasarsa bara, ba shi da wata madogara sai wannan. Ya duƙa ya haƙa kowane rami yana aunawa da hannu, ya zuba yashi a ƙasa don kada ruwa ya kwanta ya ruɓar da irin. Ba a jima ba fangalin maƙwabcinsa ya yi kore shar, nasa ko tsiro babu. Masu wucewa suna tsokanarsa, wai shuka ya yi ko jana'iza? Abin ya ci masa rai ƙwarai, har wata safiya ya ɗauki fartanya zai tone ya gani, sai ya danne zuciyarsa ya koma cire ciyawa.

Nasa ya fito a makare, amma da kauri. Da kara ya yi tsawo, furanni suka jeru a jikinsa ya yi nauyi, sai ga hadari da iska mai ƙarfi. Na maƙwabcin, da yake tushen ba shi da ƙasar da za ta riƙe shi, ya kife cikin laka, wanda ya ɗago ma a karkace ya ɗago. Na mutumin nan kuwa yana tsaye ƙyam, ja da fari da ruwan ɗorawa, ko ɗaya bai kwanta ba. Mutumin ya yanke karan furen da sanyin safiya, ya bar ganyen a jiki don tushen ya ƙoshi ya zama irin baɗi. Da ya kai wa matar, ta ɗaga kara ɗaya ta dube shi daga gindi har kai, ta ce, "Malam, duk abin da lambunka ya fitar, kada ka kai wa kowa sai ni." Ya koma gida bakinsa har kunne don murna, ya tarar da maƙwabcin nan a ƙofarsa, yana sunkuyar da kai yana tambayar yadda ake auna rami.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.