Warin da Ya Bi Alhaji Masallaci

Jirgin ƙasa na tsayawa a wata tasha a Guangzhou, wani mashayi ya yi tangaɗi ya nufi ƙofa. Ma'aikaciyar tashar, 'yar firit da ita, ta caƙumi bel ɗinsa ta turje. Muddin tana bakin aiki, ba zai hau a haka ba. Fasinjoji suka ɗaga wayoyi. Ita kuwa ta dubi Alhaji, wanda ya fi kowa tumbi a wurin, ta roƙe shi da ido.

Shekara hamsin ko kwalba bai taɓa ba, sai ga shi rungume da gangar giya sukutum. Mutumin ya gode masa da amai a kan shaddar Juma'a. Ba su sake shi ba sai da matar mashayin ta iso.

Alhaji ya wanke rigar tas a famfo, wari ya ce yana nan daram.

A masallacin Huaisheng, maƙwabcin shagonsa na Kantin Kwari ya shinshina, ya ja gefe. Kafin la'asar labari zai isa Kano.

"Alhaji, kai ma Guangzhou ta lalata ka?"

Alhaji ya fizgo shi, ya manna shi da jiƙaƙƙiyar rigar.

"Cike sahu, Malam. Yanzu sai ka ba da labarin mu biyu."