Ko Loma Ɗaya, Nura

Tun da aka kwantar da Umma a asibiti, ƙanena Nura ya daina cin abinci. Shekararsa biyar, ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. Wata la'asar ya nuna wani shirin Amurka a talabijin, inda yara ke cin burodi nama yana zubowa ta gefe. Ya ce, "I want sloppy joe." Wato irin wannan burodin yake so.

Baba bai taɓa ɗora tukunya ba, amma ya ruga shagunan titin Rye Lane, ya dawo flat ɗinmu da niƙaƙƙen nama da tumatirin gwangwani da burodi. Ya ce, "Hauwa, me kika ga sun zuba a ciki?" Ban sani ba, sai na ce sukari. Albasa ta ƙone, ƙauri ya cika kicin, ya kankare tukunyar ya sake sabo. Ya tsaga burodin, ya cika shi da naman, ya durƙusa gaban Nura.

"Don Allah, Nura, ko loma ɗaya. In na je asibiti Ummanku za ta tambaye ni, kuma ba zan iya yi mata ƙarya ba."

Nura ya daɗe yana kallon farantin. Can ya gatsa, miya ta gangaro masa har gwiwar hannu. Ya sake gatsa. Baba ko motsi bai yi ba, don kada yaron ya fasa.

Yau shekaruna sun wuce na Baba a lokacin, kuma sai yanzu abin ke ci mini rai: babu wanda ya tambayi Baba ko shi ya ci.