Ramin Pweza

"Kaka, sa gilashin ninkayar nan, ki ciji bututun numfashin, ki leƙa kawai," in ji jikata da suka zo mana hutu tsibirin Unguja.

"'Yar birni, ni za ki koya wa teku?"

Tun ina budurwa nake zungurar ramukan duwatsun murjanin tekun nan da tsinken ƙarfe ina zaro pweza, kifin nan mai hannu takwas, amma ban taɓa ganin cikin ramin ba. Yau ma miyarta na yi wa baƙina alkawari.

Na dai sa gilashin, na tsoma fuska a ruwa daidai wani rami. Ga ta can ciki, ta rame, ta rungume fararen ƙwayayenta tana yi musu fifita. Ta zuba mini ido, ba ta gudu ba.

Na ɗago, na soke tsinken a ɗamarata.

"Kaka, babu komai?"

"Akwai mai jego. Yau wake za ku ci."