Intabiyun da Lorna Ba Ta Je Ba

Lorna Thwaite tana da shekara goma sha bakwai aka kira ta intabiyu a jami'ar Oxford. A makarantarsu ta garin Barnsley ba a taɓa kiran kowa ba. Malama Pickering, mai koyar da tarihi, ita ta tsaya mata tun daga cike fom har jarrabawar share fage, kuma ranar da takardar ta iso sai da ta fita daga aji ta share hawaye.

Lorna ta koma gida da gudu. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, daga ita sai babanta Dennis, tsohon mai haƙar kwal da ya koma tuƙin bas. Ta same shi a kicin yana shan shayi. Ya karanta takardar sau biyu, ya ajiye.

"Oxford? Kin san su wane ne a can? 'Ya'yan manya ne, masu cin abinci da cokali huɗu. Kina buɗe baki za su gane 'yar Barnsley ce, su yi ta dariya."

"Baba, ai su suka kira ni."

"Don su cika layi ne. Mu ba irinsu ba ne, 'yar nan. Ba zan yarda a je a wulaƙanta min ke ba."

Dennis bai taɓa taka garin ba, bai kuma san ko mutum ɗaya da ya yi karatu a can ba. Abokan aikinsa ma ba su bar shi ya huta ba. Yana shiga tasha sai wani ya ce, "A ba baban Farfesa hanya!" Wani ya ƙara, "Dennis, in ta dawo sai ka riƙa cire hula kafin ka gaishe ta."

Ranar intabiyun, cikin sanyin Disamba, Lorna ta isa tashar jirgin ƙasa da jakarta da tikitin da Malama Pickering ta yankar mata. Jirgi ya tsaya, ƙofa ta buɗe. Ta ji maganar babanta a kunnenta, ta kasa shiga. Tana kallo jirgin ya tafi.

Shekara ashirin da uku ta yi a masana'antar biskit. Amma ba ta daina karatu ba. Lokacin hutun rana tana cin burodi da hannu ɗaya, littafi a ɗayan, har matan wurin suka sa mata suna Laburare. Ranar Lahadi kuma takan bi gidajen tsofaffin matan unguwa tana rubuta yadda suka ciyar da iyalansu lokacin yajin aikin masu haƙar kwal. Ta cika littattafan rubutu goma sha ɗaya ba tare da wani ya sa ta ba.

Tana da shekara arba'in ta ji cewa a cikin kwalejojin jami'ar Oxford akwai wadda take ɗaukar manya. Ta shiga ajin Asabar, ta yi shekara biyu tana zama da sa'o'in 'ya'yan ƙawayenta, sannan ta sake cike fom. Aka kira ta. Wannan karon ta hau jirgin.

A ƙofar kwalejin, mai gadi ya ji ta faɗi sunanta da karin harshen yankinsu sai ya washe baki. "Kai, 'yar gida! Ni ɗan Doncaster ne, maƙwabtanku. Shiga ki nuna musu."

Malamai biyu suka zauna da ita. Ɗayansu, Dakta Fenwick, ya miƙa mata wani shafi kan rayuwar ma'aikata, ya tambaye ta ra'ayinta.

"Wanda ya rubuta wannan bai taɓa tsayuwar awa takwas a gaban inji ba," in ji ta.

Ya gyara zama. "Madalla. Nuna min inda ya kuskure."

Suka yi rabin awa suna ja-in-ja. Babu wanda ya yi dariyar harshenta. A watan Janairu aka ba ta gurbi.

Karatun bai zo da sauƙi ba. Kowane mako sai ta rubuta dogon bayani, ta zauna gaban malami ita da ɗalibi ɗaya, a warware shi layi-layi. Tana fitowa da gumi, ta wuce laburare. Kafin ƙarshen shekara ɗalibai suna layin aron takardunta.

A hutun farko ta je gidan kula da tsofaffi inda Dennis yake jinyar ciwon mantuwa. Ta zauna kusa da shi, ta kama hannunsa.

"Baba, ina Oxford yanzu. Tarihi nake karantawa."

Ya dube ta da fara'ar da ake yi wa baƙo. "Kin kyauta, baiwar Allah. Ni ma ina da 'ya, Lorna. Ta fi ki kai, kada ki ji haushi. Sun taɓa kiranta can." Ya riƙe hannunta gam. "Ni na hana ta. Tsoro na ji. In kin gan ta, ki ce ta je."

"Ta je, Baba. Ni ce."

"Ki ce ta je," ya maimaita, yana kallon taga.

Dennis ya rasu bayan wata huɗu bai san 'yarsa ta shiga ba.

Iyaye, kada mu hana yaro abin da mu kanmu ba mu san shi ba. In an kira ɗanku wuri mai daraja, ku tambaya, ku bincika, ku raka shi har ƙofa. Tsoronku na rana ɗaya yana iya cinye masa rabin rayuwa.