Abin da Siminti Ya Riƙe

Da hantsi bangon zauren ya faɗi, bayan ruwan da aka yi ta tafkawa a Gafasa. Tsohuwa ta dogara sanda ta fito, ta tsaya a kan ɓaraguzan.

Marigayi mijinta magini ne. Shekarar da aka samu 'yancin kai ya yi wa bangon ado da yatsunsa tun laka tana ɗanya, ya zana dagi da tsuntsaye biyu. Duk bazara sai ya jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa, ya shafe zanen don kada damina ta cinye shi. Ita ce mai miƙa masa ƙwarya.

Da ƙarfinsa ya ƙare, ɗansu ya zo daga Kano da buhunan siminti. Ya ce, "Baba, ka huta da wahalar nan haka." Aka yaɓe bangon sumul. Har tsohon ya rasu bai ƙara shimfiɗa tabarma a ƙofar zauren ba.

Yau ga ɗan yana kwashe ƙasa, ya kasa haɗa ido da ita. Ya ɗago wani faffaɗan ɓangaren siminti zai jefar.

Ta ce, "Dakata. Juyo min shi."

Lakar ta narke ta tafi, amma ga tsuntsayen nan biyu a cikin simintin. Duk inda magini ya danna yatsa, siminti ya cike gurbin ya turo waje. Ta ɗora tafin hannunta a kai, yatsun mijinta suka taɓa ta.